BABI NA BIYU: TARIHIN MOTSA SURA A ƘASAR BOƊINGA DA SHAGARI, DAGA 'YAR TSANA ZUWA SURAR KWAMFUTA

2.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin dalilin gudanar da wannan bincike da farfajiyarsa da kuma hanyoyin da aka bi wajen tattara bayanai. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihi ne, domin a ga inda sana'ar motsa sura ta samo tushe a tsakanin Hausawa, musamman na ƙasar Boɗinga da Shagari, da kuma yadda ta biyo zamani har ta iso ga surar da ake motsawa a cikin kwamfuta. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, a al'adar Bahaushe motsi ne yake bayyana ko wane ne sura take wakilta, fiye da fuska ko tufafi. Saboda haka duk wanda ya riƙe tsara motsi, shi ne ya riƙe ikon nuna wa duniya kamannin al'umma.

2.1 Ma'anar Surar Wakilci da Tsara Motsi

Abin da ake nufi da surar wakilci a wannan aiki shi ne jikin da mutum yake shiga ko yake sarrafawa domin ya tsaya a madadinsa, ko a madadin wani, a gaban 'yan kallo. Masana kwamfuta suna kiran irin wannan sura da sunan avatar. Kalmar ta fito ne daga harshen Sanskirit na ƙasar Indiya, kuma asalin ma'anarta ita ce saukowa, wato saukowar abin bauta cikin wani jiki kamar yadda mabiya addinin Hindu suka yi imani. Duniyar kama-da-gaske kuwa ita ce wurin da kwamfuta take ƙirƙira, wanda mutum yake gani ta cikin wani tabarau na musamman da ake ɗaurawa a kai, har ya ji tamkar yana tsaye a cikinsa. Shi kuwa tsara motsi shi ne koya wa surar yadda za ta yi tafiya da zama da gaisuwa da rawa, da kuma lokacin da za ta yi kowanne.

Idan aka lura da kyau, za a ga abubuwa uku ne suke haɗuwa kafin sura ta yi rai a idon mai kallo. Na farko shi ne jiki. Na biyu shi ne sanannen motsin da aka keɓe wa wannan jiki. Na uku kuma shi ne abin da yake tayar da motsin. Da waɗannan ma'aunai uku ne za a auna kowane zango na tarihin da za a kawo.

2.2 Ƙasar Boɗinga da Shagari

Boɗinga da Shagari ƙananan hukumomi ne a Jihar Sakkwato, kuma dukkansu suna kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal zuwa Jega. Matafiyi yakan fara isa Boɗinga sannan ya kai Shagari. Mazauna yankin Hausawa ne da Fulani, kuma noma da kiwo su ne manyan sana'o'insu.

Wannan yanki yana da babban matsayi a tarihin jihadi. Bayan faɗuwar Alƙalawa a shekarar 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, wadda take cikin ƙaramar hukumar Boɗinga a yau, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, inda Allah ya yi masa rasuwa a 1817. A wannan lokaci ƙanensa Malam Abdullahi yana zaune a Boɗinga. A Sifawa ne kuma, a shekarar 1812, aka raba kula da daula tsakanin Abdullahi da Muhammadu Bello. Garin Shagari kuwa shi ne mahaifar Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, wanda aka haifa a 1925, ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, ya kuma rasu a 2018. Muhimmancin kawo wannan bayani shi ne a fahimci cewa duk wani wasa da ya shafi sura a wannan ƙasa ya rayu ne a ƙarƙashin idon malamai, kuma hakan ya yi tasiri a kan siffar da ya ɗauka.

2.3 Motsa Sura a Gargajiyance

2.3.1 'Yar Tsana da Ɗiyan Dabo

Surar farko da ɗan Bahaushe yake fara motsawa ita ce ta wasan yara. 'Yan mata sukan haɗa 'yar tsana da kara ko ƙashi ko laka, su yi mata kitso, su ɗaura mata ƙyalle, su goya ta, har su shirya mata biki da gara da kai amarya. Yara maza kuwa sukan yi dokin kara, su hau su yi sukuwa. Abin lura a nan shi ne, sau da yawa 'yar tsana ba ta da ido ko hanci, dokin kara kuma ba shi da ƙafa ko ɗaya. Goyo da rarrashi ne suke mayar da ƙashi ya zama jariri, sukuwa da ja da linzami ne suke mayar da kara ya zama ingarma.

A hannun manya wannan wasa ya zama sana'a, wadda ake kira dabo-dabo, su kuma surorin ake kiransu ɗiyan dabo a karin harshen yamma. Mai wasan yakan ɓuya a ƙarƙashin babbar riga ko mayafi da aka kafa, ya riƙa fito da ƙananan surori yana motsa su da hannu, yana sauya murya, makaɗi kuma yana gefe yana amsa musu. Ellison (1935) ya bayyana irin wannan wasa kamar yadda ya gan shi a ƙasar Barno. A nan jiki shi ne ɗan dabo, motsi yana hannun mai wasa, kiɗa da tambayar makaɗi kuma su ne abin tayarwa.

2.3.2 Bori

Ana kawo bori a nan ne a matsayin al'adar da tarihi ya tabbatar da wanzuwarta, duk da cewa aƙidarta ta saɓa wa koyarwar Musulunci. Ta fuskar tsari, babu wani abu a gargajiyar Bahaushe da ya kai bori kusa da ma'anar saukowa da aka ambata a sama. 'Yan bori sun ɗauka cewa iska ce take hawa kan mutum, shi ya sa suke kiran namiji doki, mace kuma goɗiya. Jikin ɗan bori ke nan ya zama surar da wani yake sarrafawa.

Tremearne (1914), wanda ya yi nazari a tsakanin Hausawan Tunis da Turabulus, da kuma Besmer (1983), wanda ya yi nasa a Kano, duk sun nuna cewa kowace iska tana da motsin da aka san ta da shi. Alal misali, Malam Alhaji yakan tafi a sunkuye yana tari irin na tsufa yana jan tasbaha. Kuturu yakan dunƙule yatsu ya yi magana ta hanci. Ɗan Galadima yakan yi zama irin na 'ya'yan sarauta yana rabon kyauta. Sarkin Rafi kuwa da hauka da jifa aka san shi, wato ya daka tsalle ya faɗo da mazaunai. Ba a barin kowa ya yi motsin da ya ga dama, domin sai mutum ya bi ta hanyar girka kafin a yarda da hawansa. Haka kuma iska ba ta zuwa sai mai garaya ko mai goge ko masu kiɗan ƙwarya sun kaɗa takenta, idan za ta sauka kuma atishawa ce alama. Da 'yan kallo sun ga yatsu sun dunƙule, ba sai an gaya musu wanda ya zo ba, ko da kuwa dokin bai sauya tufafi ba.

2.3.3 Tashe da 'Yankamanci

Tashe wasa ne da yara da matasa suke farawa daga goma ga watan azumi, a Boɗinga da Shagari da sauran garuruwan ƙasar Hausa. Yaro yakan manna auduga a haɓa, ya saka tsumma, ya riƙe sanda, ya fito a matsayin tsoho a wasan Tsoho da Gemu. Wani yakan ɗauko tarkacen saiwoyi ya zama Jatau Mai Magani, wani kuma ya shiga dokin da aka ƙera da kara. Duk wanda ya taɓa kallon tashe ya san cewa auduga ba ta isa ta jawo sadaka ba, sai an ga rawar ƙafa da karkarwar hannu da dafa ƙugu irin na tsoho. Yaron da ya fi iya waɗannan shi abokansa suke zaɓa.

'Yan kama kuwa, kamar yadda Gidley (1967) ya nuna, sun shahara da kwaikwayon malamai da makaɗa da sauran rukunonin jama'a domin ban dariya. Ɗan kama bai cika dogara da kayan shiga ba. Gyaran murya da gyara zama da kaɗa kai irin na mai karatu sun ishe shi. Wannan ya ƙara nuna cewa ana iya rage jiki har ya kusa ƙarewa, amma idan aka cire motsi wasa ya mutu.

2.4 Tasirin Jihadi

Malaman jihadi sun yi rubuce-rubuce a kan kiɗa da wasa da bori, kuma Erlmann (1986) ya tattaro da yawa daga cikin maganganunsu a kan kiɗa. Sun yaƙi bori saboda shirka, sun kuma soki cakuɗuwar maza da mata a dandali. Ta fuskar sura kuwa, mazhabar Malikiyya da suke bi ta hana sassaƙa cikakken mutum-mutumi na abu mai rai, wato mai inuwa, amma ta yi rangwame ga 'yar tsanar yara mata, bisa hujjar cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da irinta. Wannan hukunci yana daga cikin dalilan da suka sa hikimar kwaikwayo a wannan yanki ta fi zama a jikin mutum da wasan yara, maimakon sassaƙa.

Akwai kuma wani darasi a aikin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Lokacin da ta kafa tsarin 'yan taru domin karantar da matan karkara, ta riƙa naɗa shugabanninsu da ake kira jaji, tana ba su malfa da jan ƙyalle. Boyd (1989) ta bayyana cewa malfa tana daga cikin alamomin Innar Gobir, wadda take shugabantar bori kafin jihadi. Ke nan an riƙe siffar da mata suka saba girmamawa, aka sauya abin da take ɗauke da shi. Wannan ya nuna cewa shugabannin wancan zamani sun fahimci ƙarfin sura, shi ya sa ba su bar ta a hannun kowa ba.

2.5 Zamanin Turawa

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a shekarar 1903, Faransawa kuma suka mamaye ƙasashen da suke arewa da ita. Zuwansu ya kawo sababbin surori ta hanyoyi biyu. Hanya ta farko ita ce ta bori kansa. A wajejen 1925, a yankin Filinge na ƙasar Nijar, aka sami ɓullar wasu iskoki da Hausawa suke kira Babule, Zabarmawa kuma suke kira Hauka. Waɗannan iskoki sojoji ne da hafsoshin Turawa, kuma motsinsu shi ne maci da sara wa na gaba da ba da umurni cikin tsawa. Hukumar Faransa ta kama masu yin su ta tsare, amma abin bai mutu ba, sai ma ya bi 'yan ci-rani har birnin Accra na ƙasar Gana ta yau, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsu wanda ya fito a 1955. Abin da ya tayar wa masu mulki hankali shi ne ganin talaka ya ɗauki tafiyarsu da tsayuwarsu ya saka a jikinsa ba da izninsu ba.

Hanya ta biyu ita ce majigi, wanda hukuma take zagayawa da shi garuruwa da ƙauyuka tana nuna finafinan noma da tsabta. Daga nan ne jama'a suka saba da ganin hoto yana motsi a jikin farin ƙyalle. Wanda ya fara fice wajen mayar da wannan fasaha ta gida shi ne Moustapha Alassane, ɗan ƙasar Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya kuma daɗe yana zaune a Tawa ta ƙasar Adar, maƙwabciyar Sakkwato. Ya fara ne da wasan inuwa, daga baya ya yi finafinan zane, kamar Bon Voyage Sim na 1966, inda kwaɗi suke kwaikwayon shugabannin ƙasa. Ya kuma yi wani da 'yan tsana mai suna Kokoa a kan kokawar gargajiya. Aikinsa hujja ce cewa ana iya zuba motsin gida a cikin na'urar baƙi.

2.6 Zamanin Kwamfuta

A shekarar 1968 Ivan Sutherland ya ƙera tabarau na farko da yake nuna zanen kwamfuta yana bin juyawar kai, a ƙasar Amurka. A 1986 kamfanin Lucasfilm ya fito da Habitat, inda mutane da yawa suke haɗuwa kowa da surarsa, kuma a nan aka yi amfani da kalmar avatar da wannan ma'ana. Littafin Snow Crash na Neal Stephenson, wanda ya fito a 1992, ya ƙara yaɗa kalmar. A 2003 aka buɗe Second Life, wadda ta ba masu shiga damar ɗora motsin da suka tsara da kansu. Kamfanin Facebook ya sayi Oculus mai ƙera tabarau a 2014 a kan kimanin dala biliyan 2, sannan ya sauya sunansa zuwa Meta a 2021. Dandalin VRChat, wanda ya fara a 2014, ya fito da sabon tsari a 2020 da ya faɗaɗa ikon mai sura wajen shirya motsinta.

Matakan da ake bi wajen saka wa sura keɓaɓɓen motsi su ne kamar haka. Da farko ana gina jikin a manhaja irin su Blender, wadda kyauta ce. Sannan a saka masa ƙwarangwal, wato jerin ƙasusuwa da gaɓoɓi, a kuma ɗaura kowane sashe na fata ga ƙashin da zai ja shi. Manhajar Unity, wadda ake harhaɗa aikin a cikinta, tana buƙatar aƙalla ƙasusuwa 15 kafin ta karɓi sura a matsayin mai siffar mutum. Mataki na uku shi ne tsara motsin. Ana iya yin sa da hannu, a nuna wa kwamfuta tsayuwar farko da ta tsakiya da ta ƙarshe, ita kuma ta cike abin da yake tsakani. Ana kuma iya ɗaukar motsin daga jikin mutum na gaske ta amfani da kyamara ko na'urorin da ake ɗaura masa. Mataki na huɗu shi ne shirya jadawalin da zai gaya wa surar cewa idan abu kaza ya faru ta bar wannan motsi ta shiga wancan. A VRChat akwai yanayin hannu guda 8 da aka tanada domin wannan, kamar dunƙulewa da buɗewa da nuni da yatsa. Daga ƙarshe sai a gwada, a gyara, a ɗora.

Idan aka dawo ga ma'aunai ukun da aka gindaya, za a ga ƙwarangwal da fata su ne jiki, kamar ɗan dabo ko dokin bori. Tsararren motsi shi ne kwatankwacin tarin Malam Alhaji ko karkarwar tsohon tashe. Jadawali da yanayin hannu kuwa sun tsaya a matsayin taken da makaɗi yake kaɗawa.

2.7 Giɓin da Tarihi ya Bari

Yawancin masu gina sura ba sa tsara motsi da kansu. Sukan ɗauko ne daga rumbunan da aka riga aka tanada, irin su Mixamo, wanda kamfanin Adobe ya saya a 2015. Waɗannan rumbuna an cika su ne bisa buƙatun masu wasannin kwamfuta da finafinan ƙasashen waje. Saboda haka matashi daga Sifawa ko Dingyaɗi ko Shagari yana iya saka wa surarsa babbar riga da hula, amma ta riƙa tafiya da gaisuwa irin ta wasu mutane. Hausawa kuwa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Matsalar ba ta tsaya ga rashin kyan gani ba. Buɗaɗɗen tafi da aka ware yatsunsa aka nufi mutum da shi gaisuwa ce a wasu ƙasashe, amma a wurin Bahaushe daƙuwa ce, wadda take iya haddasa faɗa. Miƙa abu da hannun hagu rashin ladabi ne. Dunƙulallen hannu kuma, idan aka ɗaga na dama aka kaɗa, jinjina ce ga sarki ko babba. Bugu da ƙari, yawancin tabarau wurare uku kawai suke bi, wato kai da hannuwa biyu, sauran jiki kuwa kwamfuta ce take kintata. Don haka durƙuso da russunawa da zaman harɗe ba sa fita daidai sai an tsara su da gangan, ko an sayi ƙarin na'urorin ƙugu da ƙafa. Haka ma saɓa hannun babbar riga a kafaɗa da gyara mayafi, domin motsin tufa aiki ne mai zaman kansa.

Daɗin daɗawa, masana adabin Hausa sun fi ba da ƙarfi ga adana kalmomi. An rubuta waƙoƙin tashe da kirarin iskoki da barkwancin 'yan kama, amma takun ƙafa da karkata wuya da juya hannu alƙalami bai iya kama su sosai ba. Suna nan ne a jikin masu yi, kuma idan mai yi ya kwanta dama sukan bi shi kushewa.

2.8 Naɗewa

A wannan babi an bibiyi tarihin motsa sura tun daga 'yar tsana da ɗiyan dabo da bori da tashe da 'yankamanci, aka duba tasirin jihadin da Sifawa da Boɗinga suka kasance cibiyarsa, aka ratsa zamanin Babule da majigi, har aka iso ga surar kwamfuta. An ga cewa a kowane zango jiki da motsi da abin tayarwa ne suke haɗuwa, kuma motsi ne ginshiƙi. An kuma ga cewa a da jama'ar wannan ƙasa ne suke kallon baƙo su kwaikwayi tafiyarsa, a yanzu kuwa tafiyar baƙo ce ake ba su aro su wakilci kansu da ita. A babi na gaba za a kawo jerin motsin gaisuwa da zama da girmamawa na mutanen Boɗinga da Shagari, a fayyace gaɓoɓin da kowanne yake amfani da su, domin a ga yadda za a iya tsara su a jikin sura.